Hoton Nono ta WhatsApp? Haba Damagaram!

Assalamu alaikum jama'a, ga ni a Zinder, unguwar Birni, inda fadar Sarkin Damagaram take. Biki ya kawo ni daga Kano, amma yau raina a ɓace yake, sai na amayar.

Gwaggon amarya ta ji cewa aikina ɗaukar hoto ne a asibiti, ta ja ni ɗaki: "'Yata, duba min wannan." Sai ta miƙo waya. An yi mata hoton nono na binciken sankara, ɗanta ya kara fim ɗin a taga ya ɗauka, har zanen labule ya fito, ya tura wa wani likita a Yamai ta WhatsApp. Na ce, "Gwaggo, ki yi haƙuri, wannan ko shehin likitoci ba zai karanta shi ba."

Abin da muke farauta a hoton nan wasu ɗige-ɗige ne farare, kamar an barbaɗa gishiri, wasu ba su kai rabin milimita ba. Wani lokaci su ke fara tona asirin sankara tun hannu bai ji ƙululu ba. Shi ya sa allon da likita ke dubawa mai fito da hoto tar-tar ne, megafiksel 5, ɗakin ma sai an rage haske. WhatsApp kuwa matse hoto yake yi, ɗigon ya bi iska. Ba yabon kai ba, hoton da ya girgiza ba ya fita daga ɗakina.

Ku karɓi faifan CD a asibitin da aka yi hoton, hoton asali na ciki. Ranar ɗauka kuma ban da hoda, ban da abin shafa na hammata, suna fitowa tamkar ɗigon nan a tsorata ki a banza. Na san mu da ƙamshi, balle matan garin nan, humrarsu ta fi tamu, na yarda.  In injin ya matse ki, ki daure, ki riƙe numfashi. Sai nonon ya baje ake ganin cikinsa tas.

A kula tun da wuri, don in abu ya yi nisa har sai gashi, wato ƙona sankarar da hasken na'ura, Yamai za a je, wajen kilomita 900, can ma a 2021 aka fara. Gobe da sassafe zan tasa ɗan Gwaggo gaba, kabu-kabu dala hamsin, mu je mu nemo faifan.