Ashe doki a kan yatsa ɗaya yake sukuwa

Salamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Yau sanyi ya hana ni yawon waje, shi ne na faɗo gidan adana tarihin halittu na nan New York, gefen Central Park, yanzu haka ina hawa na huɗu wajen ƙasusuwan dabbobin da. Ku yi haƙuri da hayaniyar, 'yan makaranta aka kawo.

Bari in matso da kyamara. Kun ga ɗan ƙwarangwal ɗin nan? Wallahi da farko na ɗauka na dila ne ko ɗan kare. Sunansa Eohippus, masu bincike suka ce ya rayu wajen shekara miliyan 55 da suka wuce kuma daga irinsa dangin doki suka taso. Ku ƙirga yatsun, huɗu a ƙafar gaba, uku a ta baya. Cikin kurmi yake zaune yana tsinkar ganye mai laushi, ƙasar ma taushi gare ta, to yatsu barkatai sun fi masa amfani.

Sai duniya ta fara bushewa, kurmi ya ja baya fili ya buɗe, ciyawa ta mamaye ko'ina, to nan fa labari ya canza. Ita ciyawa cin haƙori take, ga yashi ga ƙura a jikinta, shi ya sa in kun dubi wannan na tsakiyar, Merychippus, za ku ga turamensa sun yi tsawo, irin haƙorin da yana sudewa yana ƙara turowa. Sannan a fili ba wajen ɓuya, in maƙiyi ya taso sai dai ƙafa ta cece ka, yatsan tsakiya ya yi ta girma na gefe suna ƙanƙancewa har aka zo kan kofato guda. Wato dokin da kuka sani a kan yatsan tsakiya yake tsaye, kofaton nan farce ne, abin da muke cewa gwiwarsa ta gaba kuma wuyan hannu ne. Na so in gwada muku da nawa yatsan amma a garin nan zagi ne, kar a kore ni.

Abin da ya fi ɗaure min kai, yawancin wannan tafiyar a nan Arewacin Amurka aka yi ta. Daga nan dawakin suka tsallaka Asiya ta Alaska lokacin da akwai tudu tsakaninta da Saberiya, daga baya na nan ɗin suka ƙare ƙurmus wajen shekara 10,000 da suka wuce. Sai da Kolumbus, wani matuƙin jirgin ruwa daga Turai, ya kawo dawaki tsibiran Karibiyan a 1493, Sifaniyawa suka shiga da su Meziko a 1519, sannan doki ya sake taka gidan kakanninsa, a matsayin baƙo fa.

Jaki da jakin dawa duk 'yan gida ɗaya ne da shi. Jaki ma ya riga doki shiga hannun mutum, a Afirka aka fara kiwonsa wajen shekara 7,000 baya, amma kullum shi ake rainawa, ni dai ban ga adalci a nan ba. In jaki ya haye goɗiya a samu alfadari, ga ƙarfi ga juriya sai dai yawanci ba ya haihuwa, don ƙullin gado na cikin ƙwayar halittar doki 64 ne, na jaki 62, shi alfadari ya tashi da 63, lissafi ya ƙi rabuwa biyu.

Dawakin da ake hawa yau kuwa asalinsu filayen kudancin Rasha ne, tsakanin kogin Volga da Don, wajen shekara 4,200 da suka wuce, daga nan suka bazu da karusa da mahaya, yaƙi da fatauci da aika saƙo duk suka sauya sauri.

To ku zo ku ga wannan ƙoƙon kan na doki. Tsakanin haƙoran gaba da turame akwai wani giɓi, dasashi ne zalla ba haƙori. Fuskar ta yi tsawo ne tun zamanin kiwo a fili, miliyoyin shekaru kafin wani ya yi tunanin sirdi. Daidai wannan giɓin ƙarfen linzami yake zama. Bari in ɗan juya kyamarar, gilashin yana ƙyalli, yawwa, ga shi nan.