Auren roba da hasken gama: yadda ake sa buhu ya kama iskar kabon

Assalamu alaikum. Malamai na, ɗalibai, jama'ar Sakkwato, sannunku da haƙurin zama cikin zafin ga.

Bari in faro daga lambu. Kowa nan ya san mangwaro mai aure, a yanko reshen iri mai daɗi a ɗaura shi jikin wanda ke da saiwa mai ƙarfi, su haɗe su zama itace guda. To abin da muke yi wa roba ke nan, sai dai mu wuƙarmu haske ce.

Robar da nike nufi ba wata baƙuwa ba ce, ita ce wadda ake saƙa buhun shinkafa da ita, da takunkumin da muka sha sawa lokacin korona, sunanta polifurofilin. Tana da ƙarfi, tana da arha, amma ba ruwanta da iskar kabon, ko shekara ta yi cikin hayaƙi ba ta riƙe komai. Sai a kai ta gaban hasken gama, wani haske mai ƙarfi da ido ba ya gani, da ke fita daga ƙarfen kobal-60, ko injin harba ilektaron, hasken ya ɓalle wasu ƙwayoyin haidurojin daga jikin sarƙarta ya bar gurabu a buɗe masu neman abin kamawa, nan take sai a tsoma ta cikin sinadarin da ake kira GMA, shi kuma ya kama guraban ya tsiro kamar rassa, kan rassan nan ne ake rataya amin, wani sinadari mai kama iskar kabon. Amin shi ne mai aikin. In hayaƙi ya ratsa zaren robar, naitirojin ya wuce abinshi, kabon kuwa ya maƙale.

Na ga wata baiwar Allah can baya ta yamutsa fuska da na ce hasken gama. Hajiya kwantar da hankalinki, hasken ratsawa yake ya wuce, ba ya zama cikin kayan, da shi ake kashe ƙwayoyin cuta a sirinjin asibiti tun da daɗewa.

To mi ya kawo wanga zance Sakkwato? Masana'antar siminti ta Kalambaina. Duk inda ake siminti a duniya sai an ƙona dutsen farar ƙasa, kuma dutsen da kanshi ke sakin kabon, ko da hasken rana ka hura wutar sai ya fita, shi ya sa siminti kaɗai ke da wajen kashi 7 zuwa 8 cikin ɗari na kabon da ɗan Adam ke fitarwa. Kafin zamanin masana'antu iskar ga tana wajen kashi 280 cikin miliyan na iskar sararin sama, yau ta haura 420, mu kuma da ke bakin hamada mun fi kowa ji a jika.

Tsohuwar hanyar kama kabon ita ce a narka amin cikin ruwa, a bi da hayaƙi ta ciki, sannan a dafa ruwan har wajen digiri 120 kafin ya saki kabon, ga cin wuta ga cin ƙarfen tukunya. Zare kuwa ba ruwan da za ka tafasa, zafin da bai kai 100 ba yakan ishe shi ya saki abin da ya kama a sake amfani da shi. Wallahi nan ne abin ke burge ni, don irin wannan zafi na'urar dumama ruwa da rana tana iya kusantar shi, kuma Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo tana da cibiyar binciken makamashi da ta daɗe kan aikin rana.

Amma kar in yi muku daɗin baki. Amin yana lalacewa in zafi ya haɗu da oksijin, kuma ya fi kama kabon in akwai ɗan laima, cikin busasshiyar iska amin biyu ke riƙe kabon guda, ke nan zaren da ya yi kyau a ɗakin gwajin garin Takasaki na Japan, inda aka daɗe ana irin wanga aiki, dole a sake gwada shi cikin hunturunmu da ƙurarmu. Injin gama muna da shi a Sheda kusa da Abuja. Ɗalibin kimiyyar sinadarai zai iya kai zarenshi can a haska mishi, ya dawo nan ya auna giram nawa ya kama a watan Janairu, nawa a Agusta.