Daren ruwa a Sinchon: su da butarsu, ni da lemona

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da dare daga Seoul, babban birnin Koriya ta Kudu. Ku yi haƙuri da ƙarar da kuke ji, ruwa ake tsugawa tun la'asar. Ƙarfe tara da rabi yanzu, muna Sinchon, unguwar ɗalibai, ga jami'ar Yonsei can gaba kaɗan. Yau muka gama jarrabawa, abokan karatuna suka ce sai na biyo su wannan wurin da ke hawa na biyu, gidan abinci ne kuma mashaya.

Tun kafin wani ya tambaya, ni ba na sha, kuma duk sun sani. Na daɗe ina zille wa irin wannan zaman, har na lura maganar da ba a iya faɗa wa juna da rana, a nan ake buɗe ciki a faɗe ta. Shi ya sa yau na zo, da sharaɗin ni zan zaɓi abin da zan ci.

To ku matso ku gani. Cokali da tsinkayen cin abinci ba a kan tebur suke ba, ga su cikin 'yar aljihun tebur ta gefe, duk na ƙarfe. Wannan maɓallin kuma idan ka danna, sai ƙararrawa ta buga, ma'aikaciya ta amsa daga can ciki. A irin wannan gida ba a zama da kwalba kawai, dole a haɗa da abinci, shi suke kira anju.

Ga shi an kawo, har yanzu yana cuwwa a kasko. Sunansa haemul pajeon, kamar wainar fulawa ce mai faɗi, an shimfiɗa ganyen albasa dogo-dogo, an watsa jatan lande da sauran naman teku, aka fasa ƙwai a kai. Ku dubi bakinta yadda ya soyu ƙayau, tsakiyar kuma laushi. Ana yaga da tsinke a tsoma a ruwan waken soya mai ɗan tsami. Mutanen nan suna cewa ƙarar suyarta ta yi kama da saukar ruwan sama, shi ya sa da hadari ya haɗu sai kwaɗayinta ya taso musu. Wallahi na yarda, ku dai saurara.

Wancan farantin kuwa awara ce fara da kimchi soyayye, wato kabejinsu mai tsami da yaji. Ban taɓa ba, don yawanci da naman alade ake soya shi. Duk wanda zai zo ƙasar nan ya haddace kalmar dwaeji gogi, ita ce naman alade, ka tambaya ko da ido bai nuna maka ba.

Abin da ke cikin butar nan shi ne makgeolli, giyar shinkafa, fari tas kamar kunun gyaɗa, a ƙananan kwanuka ake sha, ƙarfinta wajen kashi 6 cikin 100. Korayen kwalaben can kuma soju ne, ya kai kashi 16. Amma abin da na fi so ku lura da shi, hannaye. Babu mai zuba wa kansa. Ƙarami yana zuba wa babba da hannu biyu, yana karɓa da hannu biyu, in zai kurɓa kuma sai ya kau da fuska gefe. Shi ya sa suke saurin tambayar shekarunka.

Wannan da ke gefena shi ne babbanmu, hyong nake kiransa, wato yaya. Kun ga abin da ya yi? Kafin a ɗaga kwanuka ya sa aka kawo mini Chilsung, lemo ne zalla mai gas duk da suna kiransa saida, wato cider, sunan giyar tuffa a wasu ƙasashe, ya buɗe da kansa ya cika mini kofi. Da wani sabon ɗalibi ya miƙo mini soju, shi ya tare da hannu, bai bari na yi dogon bayani ba. Na karɓi lemona da hannu biyu, kuma abin ya taɓa mini zuciya ƙwarai. Ɗazu ya gama ba mu labarin rashin lafiyar mahaifiyarsa, wata shida muna tebur ɗaya ban taɓa ji ba.

Sha ɗaya ta wuce, sun fara maganar icha, zagaye na biyu ke nan, ɗakin waƙa za su. Ni a nan zan tsaya, ina so in riski jirgin ƙarƙashin ƙasa na layi na 2 kafin a rufe, in ba haka ba sai motar dare da suke kira bas ɗin mujiya. Hyong ya ce in tafi da lemarsa, shi zai raɓa da wani. Bari in sa wayar a aljihu kada ta jiƙe. Sai da safe.