Maganar shagunan giya na unguwarmu: jawabi a taron wata na ƙungiyar Hausawa a Manchesta

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Shugaba, dattawanmu, iyayenmu mata da ke can baya, yayyena da ƙannena, da 'yan'uwanmu Kirista da kullum muke tare a wannan ƙungiya, barkanmu da war haka. Allah ya saka wa waɗanda suka yi mana girki da alheri.

Maganar da na roƙi a ba ni lokaci a kanta na san wasu za su ji nauyinta, don maganar giya ce, kuma a wajenmu ko sunanta ba a cika son a kira a gaban manya ba. To amma ku yi haƙuri da ni. Duk wanda ya taka da ƙafa daga tashar bas zuwa wannan zaure ya wuce shagon kan kwana aƙalla biyu ko uku, kuma kowanne akwai firji cike da gwangwanaye dab da inda ake ajiye lemo da madara, a shagon nan ɗin dai muke aiken yaranmu sayen burodi. Yawancinmu in aka taso da zancen sai mu ce ai haramun ce, ba ruwanmu, mu kauda kai. Haramun ce, babu mai ja, ayar tana nan a Suratul Ma'ida, kuma mun san hadisin da ya la'anci mutum goma a kanta har da mai sayarwa da mai ɗauka. Sai dai kauda kan da muke yi bai hana a sayar wa yaro ɗan 15 ba, kuma bai hana ranar Asabar da safe mu tarar da fasassun kwalabe a filin wasan da yaranmu ke bi su tafi Islamiyya ba. Ni da idona na ga wata baiwar Allah a cikinmu tana ture gilashi da takalminta don keken jaririnta ya wuce. Abin ya tsaya min a rai.

A Kano mun saba jin Hisba ta kama mota ta farfasa kwalabe. Nan Ingila ba Hisba, kuma ba za a yi ba, sayar da giya halas ne a dokar ƙasar, duk wanda ya ce zai rufe shagunan nan gaba ɗaya yana ɓata wa kansa lokaci ne. Amma dokar da ta halatta sayarwar ita ce kuma ta ɗaure mai sayarwa da sharuɗɗa, ta kuma ba wa maƙwabci baki, kuma wannan bakin ne mu ba ma amfani da shi. Dokar lasin ta 2003 da ke aiki a Ingila da Wels ta tsaya ne a kan abu huɗu: hana laifi da tashin hankali, tsaron jama'a a wurin, hana damun maƙwabta, da kare yara daga cutarwa. Duk wani lasin sayar da giya a kan waɗannan huɗun ake auna shi.

Ga abin da nake so kowa ya riƙe ko da ya manta sauran. Idan wani zai buɗe sabon shagon giya, ko yana son a ƙara masa awanni ya kai har biyun dare, dole ne ya manna takarda a jikin ƙofa ko taga inda mai wucewa zai iya karantawa. Takardar shuɗiya ce mai haske, girman takardar firinta, an rubuta sunan mai nema da abin da yake nema da ranar da za a rufe karɓar ƙorafi. Kwana 28 take yi a wurin. Wallahi da yawanmu mun sha wuce ta muna ɗauka tallar haya ce. A cikin kwana 28 ɗin nan kowa na da damar rubuta wa sashen lasin na kansil, tun 2012 ma aka cire sharaɗin sai kana zaune kusa da wurin. In an samu ƙorafin da ya dace, sai a kira zama a gaban kansiloli uku, a saurari mai shago a saurare ku. In kuwa ba wanda ya ce uffan, ba 'yan sanda ba maƙwabta, to doka ta ce a ba shi lasin yadda ya nema. Ashe kun ga shirunmu ma ana lissafa shi.

Sai dai a kula da yadda ake rubutun, nan ne mutanenmu ke faɗuwa. In ka rubuta cewa addininmu ya hana giya, ko ai shagunan sun yi yawa ba a buƙatar wani, za su ajiye takardarka gefe cikin ladabi, don ba ta shiga cikin huɗun nan ba. Abin da suke so shi ne ka ce ga makarantar firamare taku kaɗan daga ƙofar shagon, ga ranar da aka yi faɗa a bakin titin, ga hoton kwalabe a filin wasa, ga ƙarfe nawa hayaniya ke tashin mu daga barci. Rana da lokaci da abin da ido ya gani. Kuma ba lallai ka nemi a hana shi baki ɗaya ba, kana iya neman a sa masa sharaɗi, ya rufe sayar da giya ƙarfe goma sha ɗaya, ya sa kyamarar tsaro, kar ya sayar da gwangwani ɗai-ɗai, ya ajiye littafin da zai riƙa rubuta duk wanda ya hana. Irin wannan kansiloli sun fi saurin amincewa da shi, sau da yawa ma mai shagon da kansa yake yarda tun kafin a zauna. Abu ɗaya da ya kamata in faɗa don kar wani ya ce ban faɗa ba, yawanci ana nuna wa mai neman lasin sunan wanda ya rubuta ƙorafin, shi ya sa ya fi kyau mu yi da sunan ƙungiya ko ta hannun kansilan mazaɓarmu, kar mu bar wata uwa ita kaɗai da fargaba. Shagon da ya riga ya samu lasin ma ana iya neman a sake duba nasa, kuma kansil na da ikon ƙara sharaɗi, ko dakatar da shi har wata uku, ko ƙwacewa.

To amma ni ba na so mu fara da kai ƙara. Masu shagunan nan da yawansu baƙi ne kamarmu, suna tsaye tun asuba har dare, wasu ma muna haɗuwa da su a sahu ranar Juma'a, tsakaninsu da Allah wannan, wa'azinsa kuma aikin malamai ne. Abin da na gani ya fi aiki a garuruwan ƙasar nan shi ne a je a zauna da su. A Ipswich a 2012 'yan sanda da kansil da masu shaguna suka haɗu aka roƙi shaguna su daina ajiye giya mai arha mai ƙarfi, wadda ƙarfinta ya kai kashi 6.5 cikin ɗari ko fiye, irin manyan gwangwanayen nan da robobin giyar tuffa da mashayan kan titi ke saye da 'yan canji. Ba tilas aka yi musu ba, roƙo ne, shaguna da yawa suka shiga, daga baya wasu garuruwa suka kwaikwaya. Tun kafin nan a 2007 an gwada wani tsari a wani ƙaramin gari St Neots, inda aka haɗa masu shaguna da makarantu da 'yan sanda da masu aikin matasa don a toshe hanyar da giya ke kai wa ga yara, shi ne ya zama Community Alcohol Partnerships da yanzu ke wurare da dama a Birtaniya. Gaskiya kuɗin tafiyar da shi akasari daga kamfanonin giya da manyan kantuna yake fitowa, kuma akwai masana lafiya da ke sukar hakan, ni ma ban ce a rufe ido ba, amma kujera ce a teburin da ake maganar unguwarmu kuma a yanzu ba kowa namu a kanta. A nan Manchesta ɗinmu ma aka fara tsarin Best Bar None a 2003, ana duba mashaya a ba wa wadda ta kiyaye ƙa'ida shaida. Sannan akwai Pubwatch, inda masu mashaya ke haɗa kai, wanda ya yi rigima aka kore shi a ɗaya to an kore shi a duka.

Me ya sa arha da ƙarfi ke da muhimmanci? Saboda wanda ya fi cutuwa da ita shi ne mai ƙaramin kuɗi, yaro da wanda shaye-shaye ya riga ya kama. Sikotilan ta sa mafi ƙarancin farashi a 2018, fini 50 a kan kowane ma'aunin barasar da ke cikin giya, ta ɗaga zuwa 65 a 2024, Wels ta bi a 2020, Ingila har yau ba ta yi ba. Dalili ɗaya ne da wanda ya sa NAFDAC, hukumar kula da abinci da magunguna a gida, ta daɗe tana fama a kan barasar cikin leda da ƙananan kwalabe da ake sayarwa a tashoshin mota. Kuma kar a ɗauka ƙaramin abu ne, a 2023 mutum sama da 10,000 ne suka mutu a Birtaniya da cututtukan da giya ce kai tsaye ta jawo su, ban da haɗarin mota da faɗace-faɗace.

Yanzu bari in juyo kan namu, ƙannena ɗalibai musamman. Na san akwai waɗanda ke aikin kashiya a manyan kantuna, akwai masu kai saƙo a keke da babur, akwai masu gadin ƙofa da dare, ga kuma yayyenmu direbobin tasi da su suka fi kowa sanin yadda tsakiyar gari ke komawa ƙarfe uku na daren Asabar. Hukuncin aikin a addini ku tambayi malam, kuma wanda Allah ya buɗa wa wata hanya ya kama ta, mu ma ƙungiya ya kamata mu taimaka da neman wani aikin. Amma muddin kana kan injin kuɗin nan yau, ka sani in ka sayar wa wanda bai kai 18 ba kai ne za a fara kamawa, ba manaja ba. Tarar nan take fam 90 ce, in aka je kotu kuma tarar ba ta da iyaka, ga kora daga aiki, ga shi kana kan bizar karatu ba ka son sunanka ya shiga ko'ina. Jami'an kansil da 'yan sanda sukan turo yaro ɗan 15 ko 16 da gangan ya shigo ya ɗauki kwalba su ga ko za ka tambaye shi kati, suna tsaye a waje ko ma a bayansa a layi. Shagon da aka kama sau biyu cikin wata uku ana iya hana shi sayar da giya har kwana 14. Shi ya sa ake da tsarin Challenge 25, duk wanda a idonka bai kai 25 ba ka nemi fasfo ko lasin tuƙi ko katin shaida mai tambarin PASS, in ba shi da shi ka ce a'a ka rubuta a littafi. Mun taso da kunya, ba ma son mu ƙi mutum a fuska, ballantana in ya ɗaga murya layi ya yi tsawo, amma a nan kunyar ce za ta jefa ka a rami. Haka sayar wa wanda ya riga ya bugu laifi ne, tararsa na kaiwa fam 1,000. Haka babba ya saya ya miƙa wa yaro a waje, shi ma laifi ne, kuma ta nan ne yara da yawa ke samu, su tsaya a bakin shago su ce wa mai wucewa don Allah sayo min ga kuɗi. Masu kai saƙo ku ma haka, in ƙofa ta buɗe ka ga yaro ko ka ga mutum yana tangaɗi, ka mayar da kayan.

Iyayena mata, kar mu ce namu ba sa yi. Yaron da aka haifa a nan abokansa na makaranta su ne duniyarsa, kuma wanda ya faɗa ciki a gidajenmu ɓoyewa ake yi har sai abu ya lalace, saboda tsoron bakin mutane. Akwai taimako kyauta ta wajen likitan unguwa, kuma sirri ne. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta shafa wa naka ruwa, wannan kowa ya sani, amma mu fara taimaka masa ya kashe tukuna, ba mu kai labarinsa guruf ba.

Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wanda ya ga abin ƙi ya canza shi da hannu, in bai iya ba da harshe, in bai iya ba da zuciya. Mun daɗe a kan na zuciya alhali ƙasar nan ta ba mu damar na harshe a rubuce, kyauta, ko sisi ba a biya don aika ƙorafi.

Abin da nake roƙo, shugaba, a ba ni mutum huɗu ko biyar, a ciki a samu mace aƙalla biyu da matashi ɗaya da ya taso a nan wanda Turancinsa ya zauna. Aikinsu su riƙa duba shafin kansil inda ake jera sababbin masu neman lasin, duk wanda kuma ya ga shuɗiyar takarda a ƙofar shago ya ɗauki hoto ya turo guruf ɗin WhatsApp a ranar, kar a jira taron wata don kwana 28 ba ta da yawa. Sannan mu zagaya shagunan da ke kusa da Islamiyya, mu yi sallama mu gabatar da kanmu, mu roƙe su a kan gwangwanayen nan masu ƙarfi da maganar tambayar kati, a kuma gayyato jami'in lasin na kansil da ɗan sandan unguwa su zo taronmu na gaba mu yi musu tambayoyi. Takarda tana wajen sakatare, mai so ya rubuta sunansa da lambarsa kafin a tashi. Na gode, wassalamu alaikum.