Darasi: Yadda Ake Shirya Naman Kifi Don Awon Zaiba, Da Abin Da Ya Sa Kifin Shak Ya Fi Kwasar Ta

Assalamu alaikum, jama'a barkanmu da warhaka. Yau ma daga ɗakin gwajinmu a nan Kaduna muke. Masu furojet kan ƙarafa a jikin kifi sun matsa mini da tambaya ɗaya: me ya sa duk takardar da suka buɗe sai su tarar ana maganar kifin shak, wato babban kifin tekun nan mai farautar sauran kifaye? To, za mu shirya samfur tare, amsar za ta fito a hanya. Shak dai ba mu da shi a Kaduna, saboda haka ga tarwaɗa daga Kogin Kaduna, ga taitus na ƙanƙara. Aikin duk ɗaya ne.

Kwalabenku na san kun jiƙa su tun jiya a naitirik asid kashi 10 cikin ɗari, kun ɗauraye da tataccen ruwa. Safar hannu da tabarau ba sai na faɗa ba. Ƙanena, matso da kyamarar nan. Ga inda ake yanka, ƙasan fiffiken gadon baya kaɗan. A ɗaye fatar, tsoka zalla muke so. Kun ga wuƙar fara ce, ta tangaran ce. Mutum yana neman ƙarfe a cikin nama, kuma ya yanka shi da wuƙar kicin mai tsatsa, to me yake aunawa? Muna da irinta a nan ga mai so, har da kwalaben roba da muka riga muka wanke da asid, farashin ɗalibai daban ne.

Me ya sa tsoka? Saboda zaiba. Zaibar da ke kaiwa teku yawancinta ta iska take zuwa, daga ƙona kwal da kuma haƙar zinariya irin ta gargajiya. A rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2018, masu ƙananan haƙar zinariya ne suka fi kowa sakin zaiba cikin iska. Wanda ya san Zamfara ko yankin Birnin Gwari ya san aikin: a cuɗa zaiba da garin dutse ta kama zinariya, a ƙona dunƙulen, zaibar ta tashi. Ruwan sama ya dawo da ita ƙasa. Kogin nan namu kuwa Neja yake faɗawa, Neja kuma Atilantika. To idan ta kwanta a laka, akwai bakteriya da ke mayar da ita wani nau'i, metilmakuri. Shi ne mugun. Yana manne wa furotin na tsoka, kuma jiki ba ya iya fitar da shi da wuri.

Bari in ɗora a sikeli. Giram ɗaya... a'a, rabin giram za mu yi, kwalbar nan ƙarama ce. Sifili da ɗigo biyar. Ku rubuta abin da sikeli ya nuna daidai, kada ku ce ai kusan rabi ne.

Yanzu ku bi layin cin abincin. Ƙananan halittun ruwa su ɗauka kaɗan. Ƙaramin kifi ya ci dubbansu, ya riƙe abin da ke jikinsu. Babban kifi ya ci ƙananan. Shak ya zo ya ci babban. Kamar adashi ne da kowa ke zubi amma mutum ɗaya ne ke kwasa kullum. Ga shi kuma shak yana da tsawon rai, da yawansu suna shekaru gommai, na Girinlan ma binciken 2016 ya kiyasta wata ta kai wajen shekara 400. Kowace shekara ƙari ne. Shi ya sa in ka auna tsohon shak da ƙaraminsa, jinsi ɗaya, ruwa ɗaya, galibi babban ya fi. Don haka ku auna tsawon kifinku kafin ku yanka, ko tarwaɗa ce.

To ga wajen da nake so ku buɗe kunne, don nan ne sakamako ke lalacewa. Kada ku busar da wannan naman a oban mai zafin digiri 105 idan zaiba kuke nema. Kada kuma ku ɗora shi a buɗe kan faranti mai zafi kuna tafasawa. Na san haka aka koya wa da yawa, kuma ga dalma da kadmiyam, wani ƙarfen mai guba, hanyar tana tafiya. Amma zaiba mai tashi ce. Abin da mai zinariya ke yi da gangan, ya ƙona ta gudu, shi za ka yi wa samfurinka ba ka sani ba. Sai na'ura ta ba ka ɗan adadi, ka rubuta cewa kifi lafiya lau, alhali zaibar ta bi iska ta tafi. Ɗanye za ku auna shi, kuma a kwalba mai murfi za a narkar.

Na zuba asid mililita biyar, a cikin akwatin zuƙe hayaƙi. Kun ga jan hayaƙin nan da ya fara tasowa? Ba na shaƙa ba ne. Ni na fi son in bar shi ya kwana a haka ba wuta, murfi a sassauce, gobe in ƙara haidurojin feroksaid mililita biyu sannan in ɗumama a hankali. Masu na'urar maikurowef ta narkarwa su cikin ƙasa da awa sun gama, Allah Ya ba mu mu ma. Amfanin kwanan kuma, in aka ɗauke wuta ba abin da ya dame ka.

Idan hanta ce, kwanan nan dole ne. Hantar shak ƙatuwa ce, a wasu jinsin takan kai kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsa, cike da mai, da ita yake samun sauƙin iyo. Mai da asid da zafi lokaci ɗaya, kumfa za ta taso ta malale. Amma hantar ba a barinta, don kadmiyam can yake taruwa, da ƙoda. Jiki yana yin wani furotin, metalotayonin, da ke ɗaure ƙarfen ya hana shi ɓarna, sinadarin seleniyam kuma yana kama zaiba. Muddin abin bai fi ƙarfinsu ba, kifi yana yawonsa. In ya yi yawa, ƙwayoyin hanta ne ke fara jin jiki, zaiba kuma tana kaiwa har ƙwaƙwalwa. Uwa tana miƙa wa 'ya'yan da ke cikinta wani kaso, su fito da shi tun ba su ci komai ba. Wannan ya fi damuna, don shak ba ya haihuwa da wuri kuma 'ya'yansa kaɗan ne. Akwai kuma gwajin da aka yi kan wani ƙaramin shak, aka ga azurfa narkakkiya a ruwa tana sa shi asarar yuriya, sinadarin nan da ke cikin fitsari, alhali da yuriyar nan yake daidaita jininsa da gishirin teku.

Sai dai kada ku rubuta cewa duk shak mai ƙarfe a jiki mara lafiya ne. A 2019 an wallafa binciken manyan fararen shak na gaɓar Afirka ta Kudu: zaiba da gubar asenik a jininsu sun kai matakin da zai illata wasu dabbobin, amma ba a ga alamar ciwo a awon jinin ba. Yawan ƙarfe daban, illa daban. Na'urarmu na farkon kawai take gaya mana.

Af, bulank. Wannan kwalbar ba kifi a ciki, asid ne da feroksaid kawai, za ta bi duk matakan tare da sauran. Abin da ta nuna shi za ku debe daga na samfur.

Ga wanda na narkar jiya, kun ga ya zama garau, ɗan rawaya-rawaya. A juye a kwalbar awo, a cika zuwa layin mililita 50. Wajen na'urar AAS, mai auna yawan ƙarfe a samfur, ku gaya musu zaiba ce, don da hanyar sanyin tururi ake karanta ta a tsawon zangon haske nanomita 253.7, ba da harshen wuta ba. Ba kowane ɗakin gwaji ke da wannan haɗin ba, ku tambaya kafin ku biya kuɗi.

Lissafi: a ce ta ba ka 0.01 miligiram a lita. Sau 50 na mililitar kwalbar awo, raba da 0.5 na giram ɗin nama, ya zama miligiram 1 a kilo. Da me za ka gwada? Turai ta sa iyakar 0.5 ga yawancin kifi, 1 ga shak da irinsa. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka kuwa cewa ta yi mai ciki da mai shayarwa da ƙananan yara su bar cin shak gaba ɗaya. Wannan taka-tsantsan tushensa Minamata ne a Japan, 1956, inda ruwan masana'anta ya gurɓata kifi, mutane suka ci ya taɓa musu jijiyoyi. Sunan garin aka sa wa yarjejeniyar zaiba ta 2013.

Kuma ku lura, waɗancan iyakokin na ɗanyen nama ne. Tsokar kifi kusan kashi 75 zuwa 80 ruwa ce, saboda haka adadin busasshe yakan ninka na ɗanye sau huɗu zuwa biyar. Ranar nan wata ɗaliba ta shigo hankali a tashe, wai kifin kasuwa duk guba ne. Da muka duba, busasshen nauyi ta gwada da iyakar ɗanye. Ku rubuta a teburinku ƙarara wanne ne.

Ajinmu na ranar Asabar akwai sauran gurbi, lamba tana ƙasan bidiyo. Darasi na gaba dalma ce a cikin lakar kogi, ku tanadi rariyar roba. Ƙanena, rufe mini murfin asid ɗin can kafin ka kashe kyamara.