A rubuta asarar fadama a cikin lissafi

Masu sauraro, duk damina labarin ɗaya ne a Legas. Ruwa ya shiga Owode, ya shiga Mile 12, tumatir da albasar 'yan'uwanmu su ruɓe, sai a ce mana shara ce ta toshe magudana, ko an saki ruwan madatsar Oyan. To, mun ji. Amma ina ruwan nan yake kwanciya a da? A fadama. Fadamar kuma an cike ta da yashi.

Ga yadda ake yi. Injin haƙo yashi yana zuƙo shi daga ƙasan tafkin Legas, a turo ta bututu, a zuba kan fadama har ta ɗaga, a yanka filaye a sayar. Itatuwan bakin ruwa da saiwarsu ke riƙe laka, inda kifi ke ƙyanƙyasa, an binne su. Ruwan tafkin ya gurɓace, masunta su dawo da koma wayam. Ruwan sama kuwa ba ya ɓacewa, gangarawa yake yi zuwa unguwar da ta fi ƙasa.

A ma'aunin GDP, wato jimillar kuɗin kaya da ayyukan da ƙasa ke samarwa, wanda Bankin Duniya da masu ba da lamuni ke auna ci gabanmu da shi, haƙo yashin riba ce, ginin riba ce, har kuɗin da za a kashe wajen gyaran ɓarnar ambaliya ma a gefen riba yake faɗawa. Fadamar da ta shekara ɗaruruwa tana shanye ruwa kyauta, sifiri aka rubuta mata. Wane ɗan kasuwa ne zai sayar da rumfarsa ya kira kuɗin ciniki?

Masu cewa a bari mu yi arziki tukuna, daga baya mu gyara muhalli, haba! Fadamar da aka aza wa bene ba ta dawowa. Eko Atlantic, sabuwar unguwar masu kuɗi da aka cike bakin teku aka kafa, ta gina wa kanta doguwar katangar dutse mai tare ruwa. Mutanen Otodo Gbame kuwa, unguwar masunta a bakin tafkin, rusau suka samu a 2017.

Tun 1992 muke da dokar tantance illar manyan ayyuka ga muhalli. A yi aiki da ita. Kafin a ba da izinin cike fili, a auna yawan ruwan da fadamar ke riƙewa, a nuna inda zai koma, a ƙiyasta kifin da za a rasa da gidajen da za su nitse, a cire wannan asara daga ribar aikin, sannan a karanta wa mutanen unguwa sakamakon da harshen da suke ji.