Gidan Jiménez: akodiyan ɗaya, 'yan'uwa biyu

Hadiza: Masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa. Yau Yaya Bashir ya zo mana da wani kiɗa tun daga jihar Texas ta Amurka. Ni da na fara ji, wallahi na ɗauka bikin Jamusawa ake yi.

Bashir: Ai kunnenki bai yi ƙarya ba, Hadiza. Sunansa conjunto, suna furta shi "konhunto", kiɗan rawa ne na 'yan asalin Meksiko mazauna kudancin Texas. Jamusawa da mutanen Cek da suka yi ƙaura can a ƙarni na 19, su suka zo da akodiyan da rawar polka. Leburorin gonakin auduga suka ji, suka ɗauka, suka sa masa nasu gishirin.

Usman: Tsaya, ranka ya daɗe. Akodiyan ɗin nan, shi ne wanda ake rungumewa a ƙirji kamar zugazugin maƙera?

Bashir: Shi ne. Amma nasu mai maɓallai ne. Ka danna maɓalli ka ja, sauti daban. Ka tura, wani sautin daban. Abokin tafiyarsa bajo sexto, wata ƙatuwar jita mai tsirkiya 12. Narciso Martínez da Santiago Almeida suka ɗauki wannan haɗin a faifai a 1936. Ganga sai daga baya ta shigo.

Hadiza: To ina zancen gidan da ka yi mana alkawari?

Bashir: Gidan Jiménez na birnin San Antonio a Texas. Kakan, Patricio, makaɗin akodiyan ne. Ɗansa Santiago ya gaje shi, ya yi suna tun shekarun 1930. Shi kuma ya haifi Leonardo a 1939, wanda duniya ta sani da Flaco, wato "Siriri", sai ƙanensa Santiago ƙarami a 1944.

Usman: Kamar dai gidajen makaɗanmu. Yaro yana riƙe wa uba kayan kiɗa, kafin a ankara hannunsa ya faɗa.

Bashir: Haka fa. Flaco yana ɗan shekara bakwai ya fara hawa dandali tare da babansa. Amma ga inda abin ya yi armashi: da suka girma, kowa ya kama hanyarsa. Flaco ya ɗauki akodiyan mai layi uku, ya shiga duniya. Ya yi kiɗa da manyan mawaƙa irin su Ry Cooder da Bob Dylan, har ƙungiyar mawaƙan Rolling Stones sun sa shi a faifansu na 1994. A 2015 masu ba da lambar yabon waƙa ta Grammy suka karrama shi kan aikin rayuwarsa.

Hadiza: Ƙanen fa?

Bashir: Shi ya tsaya kan mai layi biyu, irin ta babansa, da salon babansa. Ka saurare shi, sai ka ce tsohon ne ya dawo.

Usman: To ni ina bayan ƙanen. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Hadiza: A'a Malam Usman, ban yarda ba! Da can masu hannu da shuni, har cikin 'yan Meksikon, kallon kiɗan mashaya da na talakawa suke yi masa. Ba don Flaco ya fita da shi ba, mu a nan ta ina za mu ji?

Usman: Kuma ba don wani ya zauna ya tsare ba, me za a fita da shi?

Bashir: Ku dai ba kwa rabuwa da gardama. Shi ma ƙanen bai tashi a tutar babu ba: Shugaba Obama da kansa ya rataya masa lambar yabo ta fasaha a 2016. Flaco kuwa ya rasu a ƙarshen Yulin 2025, yana da shekara 86.

Hadiza: Ayya. Ana dai ci gaba da rawar?

Bashir: Sosai. Tun 1982 ake bikin conjunto a San Antonio, a watan Mayu. Ma'aurata kan riƙe juna suna zagaya fili a hankali, ƙafa na jan ƙasa. Takun ma suna gare shi, tacuachito, an samo shi daga tafiyar wata 'yar dabba mai kama da gafiya.

Usman: Rawar gafiya ke nan! Yaya Bashir, sa mana na ƙanen tukuna, Hadiza ta ji abin da nake faɗa.